Muryar Kawuna a Cikin Aji

Abubuwa da yawa sun same ni a jami'a waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi dogon tunani kafin su dawo. Amma ranar da na ji muryar kawuna tana fitowa daga wayar wata ɗaliba a tsakiyar aji, yana warware maganar da ya faɗa mini da bakinsa, wannan kam ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah.

Ina shekara ta uku ne a lokacin, a Maraɗi, ina karatun aikin gona. Shekarar ce aka yi zaɓen da farar hula zai miƙa wa farar hula mulki, ba ka jin komai a rediyo da tasha sai zancen jam'iyyu. Ba a daɗe ba kuma da buɗe makarantu bayan annobar da ta sa aka rufe su. A cikin wannan hali aka kawo mana sabon tsarin karatu: mako biyu muna aji ido da ido da malami, mako uku kowa ya koma garinsu, darasi ya bi shi ta waya. Aka ce wai haka zai koya mana bincike da tunani da kanmu. Mu dai muka ce to, amma a gaskiya ba wanda ya gane inda aka dosa.

Wanda ya fi ɗaure mana kai shi ne malamin da ke koya mana dabarun bincike. Wani dogo ne siriri mai tabarau, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya ba da amsa. Kin tambaye shi abu, sai ya dube ki ya ce, "Ke me kika gani?" Mu kuwa tun daga ƙaramar lakol, wato firamare, abin da muka saba shi ne malam ya rubuta a allo, mu kwafe a kaye, littafinmu na rubutu, mu haddace, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa yadda ya ba mu. A nan ne nake da ƙarfi. Da hadda na zo har inda na zo, ita ta sa na zama mace ta farko da ta shiga jami'a daga ƙauyenmu. Sai ga mutum yana neman abin da ban san yadda ake haddace shi ba.

Kafin mu tafi hutun makonni ukun, ya raba ajin gida biyu, kowane rabi da zaurensa a waya, ya ce don saƙonni kada su yi yawa. Ya ba mu aiki: kowa ya je ya tambayi manoma ashirin game da irin waken da suke shukawa, tsohon iri na gado ko sabon iri mai saurin nuna. Mu ɗauki muryarsu a waya in sun yarda, mu rubuta rahoto, mu dawo mu gabatar a aji. Ya kuma faɗa mana a fili cewa wanda ya faɗi wannan aiki ba zai rubuta kundin kammala karatu a bana ba, sai ya maimaita shekara.

Ƙauyenmu yana tsakanin Agiye da Gazawa, nesa kaɗan da kwalta. Rezo, wato sabis na waya, ba ya shiga cikin gari, sai an hau wani tudu bayan lakol. Kullum da hantsi nakan tafi can in tsaya ina ɗaga waya sama, mata masu zuwa rijiya suna yi mini sannu da aiki suna dariya. Kwana uku na yi ina fama kafin takardar da malam ya turo wa zaurenmu ta buɗe. Shafi biyu ce da Faransanci, tsaf-tsaf, da manyan kalmomi. Abin da ta ce a taƙaice shi ne manoman yankinmu sun bar tsohon irin wake saboda damina ta gajarce, ba mai riƙe da shi sai tsofaffin da ke tsoron canji.

Na karanta sau uku, na rasa gane abu guda. In amsar tana cikin takarda, me zai sa in je in sha rana ina tambaya? In kuma ba ita ce amsar ba, me ya sa ya turo ta? Na aika masa da saƙon murya, wanda muke ce wa bokal, na ce, "Malam, wannan ita ce amsar da ake so?" Washegari amsarsa ta shigo, ko daƙiƙa biyar ba ta kai ba: "Takarda ce. Ki karanta, ki je ki tambaya." Na saurara na sake saurara, ban ƙaru da komai ba. Daga ƙarshe na yanke wa kaina cewa abin da malami ya turo ai shi ne daidai, nawa kawai in kawo masa shaidu.

Ranar kasuwar Gazawa na hau kabu-kabu na tafi. Mutum na farko da na samu shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ke zaune a wani ƙauye kusa da Gazawa, ya zo da amalankensa. Bayan mun gaisa ya tambayi mutanen gida, na kunna waya na ce, "Kawu, ai yanzu kun daina shuka tsohon irin waken nan ko?"

Ya yi ɗan tarinsa da ya saba kafin ya yi magana, ya ce, "Wa ke ta tsohon iri yanzu, ɗiyata? Sabo muke shukawa. Rubuta."

Na rubuta, raina fari ƙal. Haka na bi rumfa-rumfa, kusan kowa ya ba ni amsa irin ta kawu. Mutum uku ko huɗu sun ce su har yanzu na gado suke shukawa, sai na ajiye nasu gefe, na ce wa kaina ba su fahimci tambayar ba. Yau in na tuna wannan kunya takan kama ni, amma a ranar ko ɗar ban ji ba.

Ana saura kwana biyu in koma Maraɗi na iske Inna a tsakar gida ta juye wani tulu a kan tabarma, tana tankaɗe toka daga cikin wake. Farin wake ne mai jan ido, na sha ganinsa tun ina ƙarama ban taɓa damuwa da shi ba. Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Irin tsohuwa ne. Ina duba ko ƙwari sun shiga." Tsohuwa ita ce mahaifiyarta, ta rasu tun ban yi wayo ba.

Ni kuwa sai na gyara tsayuwa na zuba mata duk abin da ke cikin takardar. Na ce damina ta canza, wannan iri ɓata ƙasa ne da ɓata ƙarfi, kowa ya bar shi, har kawu da bakinsa ya faɗa mini. Ta saurare ni har na gama, hannunta cikin waken. Ta ce, "To. Ke kika yi karatu." Na ji daɗin wannan magana. Na ɗauka yabo ne.

Ranar gabatar da rahoto aji ya cika. Malam ya zauna can baya, yana kiran ɗaya daga wannan zaure, ɗaya daga wancan. Na farko ɗan zaurenmu ne, ya ce manoma sun koma sabon iri. Na biyu daga ɗaya zauren ya tashi ya ce manoma sun ƙi sabon iri, suna nan riƙe da na gado. Aka ɗan yi gunaguni, muka ce wataƙila garuruwan ne suka bambanta. Na uku ya goyi bayan na farko, na huɗu ya goyi bayan na biyu. Da aka zo kaina na karanta nawa da ƙarfin zuciya, na ce a kasuwar Gazawa magana ta ƙare, tsohon iri ya zama tarihi.

Ina zama sai malam ya kira wata ɗaliba, Bagobira ce daga wajen Gidan Sori, ba ma wata hulɗa da ita sai gaisuwa. Ta ce da yake garinsu ba rezo, wajen yayarta da ke aure a Gazawa ta yi hutun, kuma a kasuwar Gazawa ta yi nata binciken. Na ɗago kai. Ta ce abin da ta gano shi ne mutanen wurin ba su yarda da sabon iri ba ko kaɗan. Ta ce bari mu ji daga bakin wani dattijo, ta matsa wayarta.

Tarin na fara ji. Sannan muryar ta biyo baya, a natse, kamar yana zaune kusa da ni: "Mu nan, ɗiyata, ba mu san wani iri ba sai wanda muka gada. Shi muka sani, shi ya san ƙasarmu. Rubuta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Kawuna ne!" Duk aji ya juyo. Na lalubo muryarsa da ni ma na ɗauka na kunna. Tari iri ɗaya, murya ɗaya, har "rubuta" ɗin ƙarshe, amma magana ta juya baya. Aka fashe da dariya, har da masu buga tebur. Bagobirar ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi ni ban san shi ba! Wanga tsoho bakin rumfar masu igiya na ishe shi da amalanke."

Malam bai yi dariya ba. Ya taso a hankali ya zo gaba, ya ce in karanta layin farko na takardar da ya turo mana. Na karanta. Ya ce ita ma ta karanta nata. Tata takardar cewa ta yi manoman yankin sun yi watsi da sabon iri, ba mai shuka shi sai wanda aka ba kyauta. Dariya ta ɗauke ɗif.

Ya ce, "Wa ya rubuta takardun nan?" Muka duba sama da ƙasa, ba suna, ba kwanan wata. Ya ce, "Ni na rubuta su duka biyun, rana ɗaya, a burona. Mako uku kuna turo mini bokal, ba wanda ya tambaye ni wa ya rubuta, ko ina ya samo. Kowa ya tafi ya dawo mini da abin da ya karanta."

Wani daga baya ya ce, "To Malam, wacce ce gaskiya?"

Ya ce, "Da na sani da ban aike ku ba." Sannan ya ce ba zai ba kowa maki ba tukuna. Ya haɗa mu biyu-biyu, ɗan wannan zaure da ɗan wancan, ya ce mu koma mu sake. Ni da Bagobirar aka haɗa.

Na fito daga aji kaina yana juyawa. Wa ya yi ƙarya? Kawu mutum ne da ake kira shaida in an yi rigimar iyakar gona, ban taɓa jin an kama shi da magana biyu ba. Malam ne ya yaudare mu? To ai bai taɓa cewa takardar gaskiya ce ba. Ni ce? Ai abin da aka faɗa mini na rubuta. Ina cikin wannan lissafi sai tulun Inna ya faɗo mini a rai. Na kira wayar Baba, sai a kira na huɗu ta shiga, ya ce yana kan tudu, in jira ya aika a kira Inna.

Na ce, "Inna, waken nan na tsohuwa, yana nan?"

Ta ce, "An ci. Ranar da aka yi gayyar ɗaurin rumbu na dafa wa mutane."

"Duka?"

"Duka mana. Ba ke kin ce ba shi da amfani ba?"

Daga nan buron malam, wato ofishinsa, na nufa, ko sallamar kirki ban yi ba. Ina kuka na faɗa masa abin da takardarsa ta jawo. Na zaci zai ce mini "ke me kika gani", na shirya masa baƙar magana. Sai ya cire tabarau. Ya ce, "Ban hango takardar za ta fita daga waya ta shiga gidan mutane ba. Wannan kuskurena ne, kuma ba ni da abin da zan mayar wa mahaifiyarki. Ki ba ta haƙuri a madadina." Ya mayar da tabarau ya ce, "Amma akwai tambayar da ba ki yi ba. Ki je ki yi ta." Na ce wace tambaya? Ya ce shi ma ba zai iya faɗa mini ba, tunda ba ya wurin. Na fito da ruɗani fiye da wanda na shiga da shi.

A motar Gazawa ni da Bagobirar muka yi ta musu tun daga tasha, kowa na cewa ita aka faɗa wa gaskiya. Da muka wuce Agiye ta ce mu daina, mu sake sauraro. Muka raba abin sawa a kunne, ita ɗaya ni ɗaya. A da duk lokacin da zan saurari abin da na ɗauka nakan tsallake farkonsa, don muryata ce, ba ita nake nema ba. Wannan karon muka bar shi daga farko. Na ji kaina ina cewa, "Ai yanzu kun daina shuka tsohon irin nan ko?" Muka kunna nata, muka ji ta tana cewa, "Baba, ai har yanzu kuna riƙe da irinku na gado ko?" Muka dubi juna.

Mun iske kawu a ƙofar gida yana gyaran igiyar san amalankensa. Ya gan mu mu biyu kowa da waya a hannu, ya ce, "Ikon Allah! Ashe kun san juna?" Muka kunna masa duka biyun. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Duk ni ne."

Na ce, "To Kawu, wanne ne gaskiya? Ka sa an yi mini dariya a gaban aji."

Ya ce, "Ke kin zo da amsarki a baki, ita ma ta zo da tata. Watan ga motar jam'iyya nawa ta tsaya a ƙofar nan? Kowa da takarda da bik na rubutu, kowa so yake a ce mishi e. Mi zai sa in ɓata wa baƙo rai a kan abin da ya riga ya yanke? Balle ke, ɗiyar ƙanwata, kin sha rana kin zo. Da cewa kika yi, Kawu, mi kuka shuka bana, da na kai ki rumbu kin gani da idonki."

Na ce, "Kawu, me kuka shuka bana?"

Ya ajiye igiyar ya tashi. Ya fi sa'a yana yi mana bayani. A gandu, babbar gonar gida, sabon iri ya shuka, don yana nuna da wuri, a samu na ci kafin hatsi ya iso. Amma harawarsa kaɗan ce, kuma ba ya jure ajiya. Tsohon iri yana yaɗo, ya ba dabbobi harawa, in damina ta yi tsawo kuma ya fi ba da ƴaƴa. Wata shekara ya ƙara wannan, wata shekara wancan, gwargwadon yadda ruwa ya sauka. Sannan ya ce, "Kuma in tsohon iri kuke nema, ba hannunmu yake ba. Mata ke da shi, a gamana suke shuka abinsu. Mace nawa kuka tambaya?" Gamana ita ce ƴar gonar da mace ke nomawa ta kanta. Ni ban tambayi mace ko ɗaya ba. Ita ma haka. Mu biyu mata, mun yi bincike a kan abin da ke hannun mata, mun tambayi maza arba'in.

Muka shiga cikin gida wajen matar kawu. Da ta ji abin da ya faru da tulun Inna sai ta yi salati, ta shiga ɗaki ta fito da wani gora. Ta ce surukarta ta ɗiba mata irin nan shekarar da aka kawo ta, amma da tafiya ta yi tafiya ya gauraya da wanda ta zo da shi daga gidansu. Ta auna mini rabin tiya a ɗaure a ƙyalle.

Inna ta zuba shi a faifai ta zauna a inuwa tana tsince shi ƙwaya-ƙwaya. Masu jan ido da ta ware ba su cika tafin hannu ba. Ta ce, "Wannan na tsohuwa ne. Sauran danginsa ne." Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Na ba ta haƙuri, na isar da na malam, sannan na ce, "Inna, me ya sa kika bi maganata?"

Ta ce, "Mun tura ki ki koyo abin da ba mu sani ba. In kin dawo kin faɗa muka ƙi ji, don mi muka tura ki?" Ta ci gaba da tsintar wakenta. Damina uku ta yi tana shuka ɗan abin nan a gefen gamanarta kafin ya cika ƙaramin tulu.

Sauran kwanakin ni da Bagobirar muka bi gida-gida, maza daban mata daban. Duk abin da muka tura wa malam ta waya, tambaya yake dawo mana da ita. Wa ke tsaye kusa lokacin da matar ke ba da amsa? Sun ɗauka ku su wane ne? Kun ga waken ko faɗa muku aka yi? Abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, iya yawan aikin da muka yi, iya raguwar abin da za mu iya rantsewa a kansa. Rahotonmu na farko kowa ta rufe nata da tabbaci. Na biyun ya ƙare da shafi guda na abubuwan da ba mu gano ba. Na miƙa shi ina jin mun faɗi. Ya ba mu maki matsakaici, muka wuce, kuma a gaban aji wannan shafin na ƙarshe kaɗai ya sa aka karanta. Sai da na yi shekaru ina aiki kafin na gane dalili.

Yau malamar gona ce ni, ƙauyuka nake bi, kuma nakan ji mutane na cewa "ke kika yi karatu". Na daina jin daɗin kalmar, tsoro take ba ni. Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne maganar mai ilimi tana da nauyi a wajen waɗanda suka yarda da shi, za su iya zubar da abin da suka sani don abin da yake zato. Saboda haka ba na ɗaukar rubutu in kai wa kowa sai na san wanda ya yi shi da inda ya samo, kuma ba na ba da shawara a kan abin da ban tambayi mai shi dalilinsa ba. In kuwa na yi tambaya manomi ya yi saurin ce mini e, ba na rubutawa. Nakan rufe kaye, in gyara zama, in roƙe shi ya nuna mini gonar.